Kuɗin Fito

Sahabi ƙanena ya ɗaga katin a hasken taga,
yana juya shi kamar goron da ake zargi da tsutsa.
"Sidi dubu biyu da ɗari huɗu duk shekara, Yaya?
Kan wannan ɗan falle?
Hayar ɗakina ke nan ta wata shida a Aboabo."

Na ce zauna, shayinka bai huce ba.

Ka tuna labarin Jatau, kakan Inna,
da ya labta wa jakuna goron Asante
ya bi ta Salaga ya nufi gabas?
In ya iso bakin ruwa ba ya ciniki da mai kwalekwale.
Yakan miƙa kuɗin fito baki alaikum,
don ya san asarar huhu ɗaya in ya nutse.

Nawa jakunan fiffike gare su.
Sau biyar a shekara nakan bar shagon Adum,
batura da gilasan waya a hannun Boakyewaa,
in kwana a mota zuwa Ankara,
in tashi can ƙasar da rana ke riga mu fitowa.

Kai dai riƙe alƙalami.
Jaka ɗaya kyauta, kilo ashirin da uku,
zuwa da dawowa, sau biyar. Rubuta.
Akwai wani ɗaki a filin jirgi, bayan ƙofar gilashi,
da kujerar da ke karɓar baya kamar ta san shi,
da ruwan zafi, da wurin alwala ba layi.
A can na rama barcin kwana biyu
ina rungume da jakar rasit.
Wannan ban san yadda za ka rubuta ba.

Daren da jirgi ya ƙi tashi a Adis,
mutane suka shimfiɗa zannuwa a ƙasa,
wata tsohuwa 'yar Takoradi tana kuka da ƙafarta.
Katin ya biya mini ɗaki mai gado biyu.
Na ja ta muka tafi.
Har yau takan aiko da busasshen kifi.

Akwatin caja da ya ɓace a watan Rajab?
Takardu bakwai suka sa na cike,
na yi sintiri har takalmina ya san ƙofar banki,
amma sun biya.

"Kuɗin ruwa fa?" in ji shi, yana kallon ƙasa.
Malam Hudu ma ya daɗe yana shafa gemu
kafin ya ce mini in yi hattara.
Hattarar nake yi.
Ba na bari wata ya mutu da bashi a wuyana,
ranar ashirin da biyar na biya,
ko da gari da ruwan sanyi za mu sha.

Ba zan yi maka ƙarya ba.
Bara, da sidi ya zube, ciwon Inna ya tashi,
sau ɗaya tak na ga cikin jirgi.
Suka zare kuɗinsu cif, ranar Talata,
ina tsaye a layin magani.
Maigidan Jatau a Salaga
da ya fara tambayar yaya mai jiki.
Wannan ba ya gaisuwa.

Takalmin matafiyi ne, Sahabi.
Kai da iyakarka Kejetia da masallaci,
in ka saya, ƙafarka kawai zai ci.

Ya ture takardar, lissafin bai ƙare ba.
Sai na nuna masa makin da ya taru,
shekara uku ina tsinta kamar kaza:
kujera biyu zuwa Kano, bayan Sallah.
Inna za ta ga Goggo Asabe,
rabonsu tun ba a haife ka ba.

Ya yi shiru.
Daga tsakar gida muna jin Inna tana tari,
tana faɗa wa yara su kwashe shanya.

Ya ajiye katin a hankali kusa da kofi.
"Kujera ta biyun," ya ce, "ta wa ce?"